Wa marubucin Afirka ke yi wa magana?

A watan Yulin 1977 aka ƙaddamar da littafin marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o mai suna Petals of Blood a Nairobi. Littafi ne da ya yi wa masu mulkin Kenya kaca-kaca, ya nuna su a matsayin waɗanda suka gaji kujerar Bature suka ci gaba da tatsar talaka. Wanda ya ƙaddamar da shi kuwa ministan kuɗi ne na gwamnatin, Mwai Kibaki. Aka yi taro aka watse lafiya, ba wanda ya taɓa marubucin. Bayan wata uku, a ƙauyen Kamiriithu kusa da Limuru, manoma da leburorin gonakin shayi da na kamfanin takalma na Bata suka fara nuna wani wasan kwaikwayo da Ngugi ya rubuta tare da Ngugi wa Mirii cikin harshen Gikuyu, a dandalin da suka gina da hannunsu. Maganar dai ita ce ta cikin littafin: gona, albashi, da cin amanar waɗanda suka yi yaƙin neman 'yanci na Mau Mau. Cikin Nuwamba gwamnati ta janye lasisin wasan, ranar ƙarshe ta Disamba kuma 'yan sanda suka ɗauke Ngugi daga gidansa. Sai da ya shekara a kurkukun Kamiti ba a kai shi gaban alƙali ba.

Gwamnatin Jomo Kenyatta ta gane abin da masana da yawa suka daɗe suna kewayawa. Suka da Ingilishi 'yan boko kaɗai ke jin ta, yawancinsu kuma albashin gwamnati suke ci. Suka da Gikuyu kuwa har tsohuwar da ke tsinkar ganyen shayi za ta ji, ta kuma ƙara da nata. A ganina nan gizo ke saƙa a rigimar harshe da ta mamaye nazarin adabin Afirka tun bayan samun 'yancin kai. An fi ɗaukar ta a matsayin rigimar asali, wato wane harshe ne ke ɗauke da ruhin ɗan Afirka. Tambaya ce mai nauyi, amma akwai wadda ta fi ta: wa zai karanta, kuma wa ke da bakin mayar wa marubuci da martani?

Tushen rigimar ya girmi 1977. A watan Yunin 1962 aka yi taro a Kwalejin Makerere da ke Kampala, aka raɗa masa suna taron marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi. Chinua Achebe ya je, Wole Soyinka ya je, haka Christopher Okigbo da J. P. Clark da Ezekiel Mphahlele na Afirka ta Kudu, har da Langston Hughes daga Amurka. Ngugi yana ɗalibi a lokacin, ana kiran sa James Ngugi, 'yan gajerun labarai kawai ya wallafa, amma ya sami kujera. Sunan taron shi kaɗai ya isa ya rufe wa Shaaban Robert ƙofa, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana gina adabin Suwahili, ya kuma rufe wa D. O. Fagunwa, wanda tun 1938 Yarbawa ke karanta littafinsa na farko. Mu ma muna da namu da za mu lissafa. A shekarar da ake wannan taro, Magana Jari Ce ya haura shekara 20 a hannun ɗalibai. Firayim Ministan Nijeriya na lokacin kansa, Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin ƙagaggen labari ne da Hausa. Sa'adu Zungur ya rasu tun 1958, ya bar waƙoƙin da suka girgiza siyasar Arewa. Abin da aka fara tattaunawa a Makerere shi ne mene ne adabin Afirka, aka yi ta kai-kawo ba a tsayar da magana ba, alhali masu rabin amsar ba a gayyace su ba.

Shekara na zagayowa, a 1963, wani matashin manazarci ɗan Nijeriya, Obi Wali, ya rubuta maƙala a mujallar Transition yana cewa hanyar da aka ɗauka a Makerere ba ta ɓullewa. Muddin marubutan Afirka za su ci gaba da rubutu da harsunan Turai, in ji shi, adabinsu ba zai wuce ɗan reshe a jikin adabin Turai ba. Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce ga duk wanda ya san noma: wanda ya kai taki gonar wani, ko da shi ya yi shuka, ƙasar mai gona ya gyara. Duk wata sabuwar jimla mai daɗi da Okigbo ya ƙera, Ingilishi ne ya ƙaru da ita, Ibo kuwa yana nan inda aka bar shi.

Amsar da ta fi shahara ita ce ta Achebe, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi kamar yadda wasu ɗalibanmu ke yi. Achebe bai ce Ingilishi ya fi harshen uwa ba. Ya ma amsa cewa barin harshen uwa yana kama da cin amana, yana kuma sa mutum jin laifi. Abin da ya ce shi ne ƙasashen da muke zaune a ciki Turawa ne suka shata su, suka cusa ɗaruruwan harsuna a cikin kowace, kuma harshen da suka bari shi ne kaɗai wanda Bayarabe da Efik da Ijo za su yi magana da juna a cikinsa. An ba shi wannan harshe, kuma ya ƙudura zai yi amfani da shi, amma sai ya lanƙwasa shi har ya ɗauki nauyin rayuwar Afirka. Ya kuwa cika alkawari. Duk wanda ya karanta Things Fall Apart na 1958 ya ji dattawan Ibo suna magana da karin maganarsu cikin Ingilishin da ba a taɓa jin irinsa a Landan ba. Yana da wani ƙorafin ma da ba a cika ambata ba: rubutaccen Ibo da ya taso ya tarar, wanda wani ɗan mishan mai suna Dennis ya harhaɗa daga karuruwa daban-daban don fassara Baibul, ba harshen da kowa ke magana da shi a gida ba ne. Wato shi ma harshen gidan da ake ce masa ya koma, a rubuce, hannun Bature ya riga ya taɓa shi.

Inda na rabu da Achebe shi ne rabon da ya yi na adabi gida biyu. Ya ce adabin ƙasa a Nijeriya shi ne na Ingilishi, na Hausa da Ibo da Yarbanci da sauransu kuwa adabin ƙabila ne. Wannan ma'auni bai zauna ba. Littafin Hausa da aka buga a Kano ana karanta shi a Maraɗi da Damagaram, ana karanta shi a zangon Kumasi da Garwa, yana kai wa ga Hausawan Sudan. Masu karanta shi kuma ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Fulani da Barebari da Nufawa da Buzaye. Suwahili ya ratsa Tanzaniya da Kenya da Yuganda da gabashin Kwango. Harshen da ya tsallake iyakar ƙasa ba a ce masa na ƙabila, sai dai in an ɗauka cewa taswirar da aka zana bayan taron Balin na 1884 ita ce ma'aunin girman komai.

Ngugi ne ya ɗauki tutar Obi Wali ya kai ta nesa. A kurkuku ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da Gikuyu, a kan takardar ban-ɗaki, aka buga shi a 1980. A 1986 ya fitar da Decolonising the Mind, littafin da har yau shi ne alƙiblar wannan ɓangare. A cikinsa ya ce harshe aiki biyu yake yi: hanyar sadarwa ne, kuma rumbun al'ada ne, inda jama'a ke adana yadda suke ganin kansu da duniya. Bindiga ta ci jiki, in ji shi, amma makaranta ce ta ci zuciya. Ya ba da labarin makarantun Kenya bayan dokar ta-ɓaci ta 1952, inda yaron da aka kama yana Gikuyu ake masa bulala ko a rataya masa allon ƙarfe a wuya da rubutun da ke cewa shi jaki ne. Wanda ya yi firamare a ƙasashen renon Faransa ya san abin wuyan da ake rataya wa mai magana da harshen gida, wanda ya yi sakandare a Arewa kuma ya san tarar da ake ci in an ji Hausa a aji. Yaron da aka koya wa jin kunyar harshen uwarsa, uwar ma zai ji kunyarta, nan Ngugi ya dosa. Daga nan ya yanke hukuncin da ya ɓata wa abokansa rai, cewa abin da su Achebe da Soyinka da Senghor, mawaƙin Senegal, suka rubuta, har da littattafansa na farko, adabin Afirka da Turai ne gauraye, adabin Afirka zalla kuwa sai wanda aka rubuta da harsunan Afirka.

A ɓangaren renon Faransa labarin ya ɗan bambanta, don can an fi matsa wa harsunan gida. Senghor, wanda ya fi kowa waƙe baƙar fata, ya fi kowa son Faransanci, har aka zaɓe shi cikin majalisar masana harshen a Faris a 1983. Ahmadou Kourouma na Kot Dibuwa ya yi wa Faransanci irin abin da Achebe ya yi wa Ingilishi, ya cusa masa tsarin harshensa na Malinke, shi ya sa sai a Kanada aka fara buga littafinsa na farko a 1968. Boubacar Boris Diop na Senegal kuwa, bayan ya je Ruwanda a 1998 ya ga abin da kisan kiyashi ya bari da rawar da Faransa ta taka, ya juya ya rubuta ƙagaggen labari da Wolof, aka buga a 2003.

Ana cikin haka sai ra'in bayan mulkin mallaka ya kafu a jami'o'in Amurka da Ingila da Ostareliya, ya kuma zaɓi ɓangare ba tare da ya faɗa ba. Littafin da ya fi yaɗa shi, wanda wasu malamai uku suka fitar a 1989, ya gina komai a kan tunani ɗaya: ƙasashen da aka mallaka suna mayar wa cibiyar daula da martani a rubuce, suna ƙwace harshenta suna juya shi. Homi Bhabha, ɗaya daga cikin jigogin ra'in, ya zo da batun gauraye, cewa babu al'adar da ke tsarkakakkiya, duk asali a tsakanin biyu yake. Akwai gaskiya a ciki, kuma tana bayyana Achebe da Kourouma da Amos Tutuola sarai. Matsalar ita ce ra'in da ya ce adabinka martani ne ga Landan ba shi da abin cewa game da marubucin da bai taɓa tunanin Landan ba. Karin Barber, wadda ta shafe shekaru tana nazarin adabin Yarbanci, ta faɗi wannan ƙarara a 1995. Ta nuna yadda masu wannan ra'i suka maida harsunan Afirka tamkar tsohuwar taska ta tatsuniya da karin magana, wadda marubucin Ingilishi ke ɗiba yana ƙawata aikinsa, suka kuma rufe ido ga ɗaruruwan littattafan zamani da ake bugawa da waɗannan harsuna. Wannan ya fi ci mini rai a kan duk abin da aka faɗa a Makerere, domin a 1962 ana iya cewa rashin sani ne, a 1989 kuwa littattafan suna nan birjik a kasuwa.

Adabin Hausa ya isa shaida a nan, kuma shaidarsa ba ta bar kowane ɓangare da cikakkiyar nasara ba. Ga masu ganin rubutu da Bature ya zo, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, tana zaɓar harshe gwargwadon waɗanda take son su ji: Larabci ga malamai, Fulatanci ga jama'ar gida, Hausa ga matan karkara da jajis, wato matan da ta horar don koyarwa, ke kai wa karatu. Ba ta ɗauki kowane ɗaya a matsayin cin amanar sauran ba. Ga masu ganin duk adabin zamani martani ne ga Turai kuwa, sai su dubi littattafan da suka ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino da ɗaruruwan 'yan'uwansu ba da marubutan Turai irin su Joseph Conrad suke jayayya ba. Da auren dole suke jayayya, da kishi, da sakin wulaƙanci, da uban da ya cire 'yarsa daga makaranta. In ma akwai baƙon da ya shiga cikin labaransu, fim ɗin Indiya ne da littattafan Larabci. Taswirar da ke da cibiya ɗaya a Turai ba ta da gurbin Bombay ko Alƙahira.

Kuma an mayar musu da martani, wanda shi ne abin da nake nufi tun farko. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano yana kwatanta shi da na Onica, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka ƙalubalance shi, aka shafe shekaru ana fafatawa a jaridu. Malamai sun yi wa'azi a kan littattafan, iyaye sun ƙwace su daga hannun 'ya'yansu, mata sun riƙa rubuta wa marubuta wasiƙu suna cewa labarin nan nawa ne. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta shirya ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a. Ban goyi bayan ƙona littafi ba, ba kuma zan taɓa goyon baya ba. Amma ba a ƙona abin da ba a karantawa. Littafin Ingilishi da ya taɓo abin da ya fi haka zafi game da rayuwar Arewa yana iya cin babbar kyauta a Legas, unguwar da aka rubuta labarinta ba ta ma ji an yi ba.

To amma wannan shaida ɗin ita ce kuma ke warware wani ɓangare na maganar Ngugi. In harshe shi ne rumbun asali tsantsa, me za mu ce da ƙagaggen labarin Hausa, wanda aka haifa a ofishin Bature? A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya yana roƙon malamai su rubuta labarai, daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Baƙaƙen da aka rubuta su da su, boko ne da gwamnatin mallaka ta fifita a kan ajami. Magana Jari Ce kansa, Abubakar Imam ya ɗebo labaransa daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da labarin akun Indiya da sauran wurare, East na miƙo masa littattafai. Duk da haka babu Bahaushen da ya taɓa karanta shi ya ji baƙo ne. Abin da ya maida shi namu shi ne hannun Imam, da kuma masu karatun da suka karɓe shi suka haddace, suka shigar da maganganunsa cikin hirarsu. Gwamnatin mallaka a Arewa ma ba ta yaƙi Hausa irin yadda aka yaƙi Gikuyu ba. Amfani ta yi da shi wajen mulki, har jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta kafa a 1939. Ashe harshen gida ma yana iya zama kayan aikin mai mulki.

Akwai kuma tambayar da mu Hausawa ba mu cika son ji ba. Ken Saro-Wiwa, ɗan ƙabilar Ogoni, ya kare rubutu da Ingilishi da hujjar da ta fi ta Achebe kaifi: shi ɗan ƙaramar ƙabila ne, kuma abin da yake tsoro a Nijeriya manyan harsunan gida ne. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a matsayin harsunan da majalisar tarayya za ta iya aiki da su bayan Ingilishi, sauran ɗaruruwan kuwa bai kira sunansu ba. A Bauci da Filato da kudancin Kaduna da Adamawa akwai harsunan da jikoki ba sa iya yi da kakanninsu, kuma Hausa ce ta maye gurbinsu. A Nijar, dokar da gwamnatin soja ta fitar a 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ta sauke Faransanci zuwa harshen aiki. Na yi murna da ganin an sauke Faransanci daga kujerar da bai cancanta ba, amma Bazabarme da Bafulatani da Buzu da Babarbare suna da haƙƙin tambayar ina nasu matsayin. Duk hujjar da muka kafa wa Ingilishi, mai magana da Tangale ko Bajju yana iya kafa mana ita, kuma wajibi ne mu saurare shi da irin kunnen da muke so a saurare mu.

Saboda haka ba na karɓar cewa wanda ya rubuta da Ingilishi ya fita daga Afirka. Zaynab Alkali da Abubakar Adam Ibrahim namu ne, kuma sun kai rayuwar Arewa inda littafin Hausa bai kai ba tukuna. Ba na kuma karɓar cewa zaɓin harshe ɗanɗano ne kawai, kowa da nasa. Zaɓi ne da ke yanke wa zai zama alƙalin aikinka, edita a Landan da kwamitin kyauta, ko matar da ka rubuta labarin kishiyarta. Yana kuma yanke inda gumin marubuci zai taru. A nan Obi Wali da Ngugi suka fi gaskiya, kuma gaskiyarsu ta tattalin arziki ce da siyasa kafin ta zama ta ruhi: kamfanonin ɗab'i, manhajar makaranta, kyaututtuka da ƙarin girma a jami'a duk sun karkata ga harshe ɗaya, sannan a juyo a ce marubuci ne ya zaɓa da kansa.

A Asmara ta ƙasar Eritiriya, cikin Janairun 2000, marubuta da masana sun yi shelar cewa harsunan Afirka ne ya kamata su yi magana da yawun Afirka, suka kuma nanata muhimmancin fassara a tsakaninsu. Wannan ɓangare na biyu shi aka fi sakaci da shi. Littafin Balaraba da ya fito a 1990 sai a 2012 aka buga fassararsa ta Ingilishi, kuma wani ƙaramin kamfani ne a Indiya ya buga. Tsakanin Hausa da Suwahili, ko Hausa da Yarbanci, hanyar ta fi haka ƙunci, kusan kullum sai an bi ta Ingilishi. Ƙungiyar marubuta ta Jalada ta nuna abin mai yiwuwa ne a 2016, lokacin da ta fitar da wani gajeren labarin Ngugi cikin harsunan Afirka fiye da 30 a tashi ɗaya. Amma a yawancin jami'o'inmu har yau darasin da ake kira adabin Afirka a sashen Ingilishi yake, Imam da Fagunwa kuma suna can sashen harsunan Nijeriya, ɗalibin wannan ba ya shiga ajin wancan. Tun 1968 Ngugi da abokan aikinsa biyu a Kwalejin Jami'a ta Nairobi suka rubuta takarda suna neman a rushe irin wannan katanga. Ngugi ya rasu a watan Mayun 2025, mu kuwa tamu tana nan a tsaye.